Filin Jirgin Saman Kano: Tambayoyin da Ba a Gajiya da Yi

Kullum tambayoyin nan ne, kullum sai an sake. Ga amsa a wuri ɗaya.

Da gaske ya girmi na Legas?

Ya girme shi. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar suka sauka a Kano, a filin wasan dawaki. Jigilar wasiƙu da fasinja kuwa a 1936 ta fara, lokacin da kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Khartum.

Me sojoji ke yi a filin farar hula?

Malam, kai ne ka tarar da su a wurin. A yaƙin duniya na biyu ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta Gana, a taso da su su ya da zango a Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan har Alƙahira. A yaƙin basasa ma nan aka sauke jiragen yaƙi ƙirar MiG na Tarayyar Sobiyet a 1967. Yau rundunar sojan sama na da makarantar koyon tuƙin jirgi a gefensu, ɓangaren fasinja kuma na hannun FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa. Idan ka ji ƙaramin jirgi yana ta kewaya gari da safe, ɗalibai ne, kwantar da hankalinka. Amma kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton ɓangarensu. Na faɗa maka.

Me ya sa jiragen Turai suka daina zuwa? Ba maƙarƙashiya ba ce?

Wannan ita ce ke gajiyar da ni. Ku fara tambayar abin da ya kawo su. Jirgin wancan zamani ba ya iya tashi daga Turai ya kai Afirka ta Kudu da mai ɗaya, dole ya sauka ya sha, Kano kuma ita ce babban gari na farko bayan an ƙetaro Sahara. Da aka ƙera jirage masu dogon zango sai suka riƙa wucewa ta samanmu. Kamfanin KLM na ƙasar Holland ya jure daga 1947 har 2012. Sakacin hukuma da durƙushewar masana'antu sun taka tasu rawar, ban musa ba, amma tushen abin mai ne. Har gobe dai a harshen matuƙa, sararin samaniyar Najeriya da sunan Kano ake kiransa.

Sunan wa aka sa masa?

Malam Aminu Kano, jagoran NEPU da PRP, wanda ya rasu a 1983. Haba dai.

Ina da tafiya cikin hunturu, jirgina zai tashi a kan lokaci?

To, ya danganta. Ba sanyin ne matsala ba, hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranar da za ka tsaya a harabar filin ba ka hango bishiyar da ke tsallaken titi, ƙura ta yi fari fat a gilashin mota. Kowane titin sauka yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa, kuma iyakar kan bambanta gwargwadon na'urorin da ke ƙasa, da na cikin jirgin, da ƙwarewar matuƙin. Shi ya sa wani kamfani ke sauka wani ya juya, a rana ɗaya. Tashi ya fi sauka sauƙi, amma jirgin da zai ɗauke ka sai ya sauko tukuna, kuma mai yiwuwa garin da ya baro ne ya rufe. Wani lokaci hazon kan yaye da rana, wani lokaci ya kwana uku. Saboda haka idan za ka haɗu da wani jirgi a Abuja ko Legas, ka bar tazara mai yawa, in da hali ka tafi ana gobe. In tikiti biyu ka yanka daban-daban, galibi asarar a kanka take. Kuma don Allah a daina zagin yarinyar da ke kantar kamfanin jirgi, ba ita ta turo ƙurar ba.

Akwai hatsari kenan?

An taɓa yi, munana. A 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 ya faɗi wajen sauka, mutum 176 suka rasu. A 4 ga Mayu 2002 jirgin kamfanin EAS ya rikito kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan da tashinsa. Allah Ya jiƙansu. Gari ya riga ya zagaye filin, masu sayen fuloti a jikin katanga su ji.

Labarin mai kakaki a kan raƙumi fa?

Gaskiya ne, akwai hotunansa na shekarun 1950. In jirgi ya doso sai ya busa, mutane da dabbobi su kauce.