Madugu a sama: me ake nufi da ƙaurar tsuntsaye bisa jagorancin mutum?

Wanda ya ci karo da bidiyon a waya zai iya zaton haɗin kwamfuta ne. Ga wani ɗan jirgi kamar a-daidaita-sahu marar rufi, farfela a bayansa, fiffiken yadi a samansa, ga kuma tsuntsaye jere hagu da dama suna bin sa, wani har ya matso kusa da kafaɗar matuƙin. Abin gaske ne, kuma masana halittu suna da suna gare shi: ƙaura bisa jagorancin mutum. Ma'anarsa ita ce a reni 'ya'yan tsuntsu tun suna tsaki har su saba da mutum ko da jirgi, sa'an nan idan lokacin tafiya ya yi mutumin ya tashi ya shige musu gaba, ya nuna musu hanyar da iyayensu ne ya kamata su nuna musu. Akwai masu tashi da tsuntsaye don ɗaukar hoto ko yawon buɗe ido, kamar Bafaranshen nan Christian Moullec da ke ɗaukar fasinja su zaga tare da garken dinya, amma kalmar ta fi tsayawa a kan aikin ceto irin da ke gab da ƙarewa.

Tsuntsayen ƙasashen sanyi 'yan cin rani ne. Idan hunturu ya gabato sai su yi kudu, idan ya wuce su koma gida su yi sheƙa. Wasunsu da sanin hanya ake ƙyanƙyashe su. Kuku na Turai, wanda uwarsa ke ajiye ƙwai a sheƙar wani tsuntsu ta yi tafiyarta, bai taɓa ganin iyayensa ba, amma shi kaɗai yake kama hanyar Afirka. Dinya da dangin gauraka ba haka suke ba. Su sha'awar tafiyar ce kawai a jininsu. Inda za a bi, inda za a yada zango, inda za a tsaya, duk sai ƙarami ya bi babba sau ɗaya ya gani. To idan mafarauta da busar da fadamu suka cinye manyan fa? Ko an ƙyanƙyashe ɗari a gidan namun daji an sake su, hanyar ta riga ta mutu tare da waɗanda suka san ta.

Dabarar da ake kama tsuntsun da ita ba baƙuwa ba ce ga matan karkararmu. Duk wadda ta taɓa sa wa kaza ƙwan zabo ko na agwagwa ta kwanta a kai ta san 'ya'yan za su tashi suna bin kazar nan a matsayin uwa, ko da ba su yi kama da ita ba. Abin da tsako ya fara gani yana motsi yana kira a kwanakinsa na farko, shi yake riƙewa. Konrad Lorenz, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya yi suna wajen nazarin wannan ɗabi'a tun shekarun 1930, har dinyoyi suka riƙa bin sa cikin ruwa, kuma ya samu kyautar Nobel a 1973. Abin da ya rage shi ne a samu uwar da za ta iya tashi sama. Jirgin fasinja ba zai yi ba, don in ya rage gudu zuwa na tsuntsu faɗowa zai yi. Ƙaramin jirgi marar nauyi kuwa yana iya tafiya a hankali, kilomita 40 zuwa 60 a awa, ya sauka a gonar da aka yi wa girbi.

Bill Lishman, masassaƙi ɗan Kanada, ya fara tashi tare da dinyoyi a 1988. A 1993 shi da abokin aikinsa Joe Duff suka ja guda 18 daga lardin Ontario zuwa jihar Virginia ta Amurka, kuma da bazara akasarinsu suka komo da kansu. Wannan komowar ita ce hujjar: tafiya ɗaya ta isa.

Daga nan aka juya ga farar gaurakar Amurka, tsuntsu mafi tsawo a Arewacin Amurka, wadda a 1941 kusan 20 kacal suka rage a daji. A nan aka ɗauki tsauraran matakai, don ba a so tsuntsun ya ɗauki mutum a matsayin ɗan'uwansa. Duk mai zuwa kusa da su sai ya lulluɓe cikin farin mayafi tun daga kai har ƙafa, a hannunsa akwai mutum-mutumin kan gauraka da yake nuna musu abinci da shi, kuma ba ya cewa uffan. Tun suna cikin ƙwai ake kunna musu ƙarar injin jirgin. A 2001 ayarin farko ya tashi daga Necedah a jihar Wisconsin, ya kai Florida bayan kwana 48, tafiyar kusan kilomita 1,900. Yawancin kwanakin nan a ƙasa aka yi su ana jiran iska ta kwanta, domin tashin sai da sassafe.

Shekara 15 ana wannan aikin, sai a farkon 2016 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta ce a dakata. Tsuntsayen sun koyi hanya sarai, suna zuwa suna dawowa, suna ma yin ƙwai. Reno ne ya gagare su: suna barin sheƙa, wani lokaci saboda cizon ƙananan ƙudaje, kuma 'ya'yan da suke ƙyanƙyashewa kaɗan ne ke rayuwa har su tashi. A ganina nan ne iyakar wannan dabara ta fito fili, kuma abin yana taɓa zuciya. Wanda mai mayafi ya rena, bai ga yadda uwa ke kare ɗanta daga dabbar dawa ba, da me zai yi koyi? Yanzu an fi karkata ga barin manyan gauraki su reni 'ya'yan kafin a sake su.

A Turai labarin ya ɗauki wata hanya. Akwai wani baƙin tsuntsu mai sanƙo da dogon jan baki lanƙwasasshe, Jamusawa na kiransa waldrap, wanda ya ɓace daga tsakiyar Turai kimanin shekara 400 da suka wuce. Babban garkensa na daji da ya rage yana gaɓar tekun Maroko, kusa da Agadir. Masanin halittu Johannes Fritz da tawagarsa sun shafe kusan shekara 20 suna jan 'ya'yansa daga Jamus da Ostiriya zuwa Orbetello a Italiya. Su ba sa ɓoye fuska. Masu renon, galibi mata biyu, sukan sa rawayar riga, su yi watanni suna ciyar da tsakin da hannu, kuma ba a yarda kowa ya kusance su ba sai su. Ran tafiya Fritz ne ke tuƙi, uwar riƙon tana zaune a baya da lasifika tana kiran 'ya'yanta. Da waɗannan tsuntsaye ne ma aka gano, a wani bincike na 2014, cewa idan suna tafiya a jere kowanne yana daidaita bugun fiffikensa da iskar da na gabansa ya tayar, don ya rage gajiya.

Su tsuntsayen waldrap sun koma gida sun yi sheƙa, sun kuma ja 'ya'yansu zuwa Italiya ba tare da jirgi ba, ko da yake bindigar mafarauta da wayoyin lantarki na ci gaba da kashe da yawa. Sai kuma sauyin yanayi ya shigo. Kaka ta daɗa ɗumi, tsuntsayen suka riƙa jinkirta tashi, har sai iska mai ɗumi da ke ɗaga su bisa tsaunukan Alps, waɗanda suka gitta hanyar Italiya, ta yi rauni. A 2022 da dama sun kasa tsallakawa, sai a mota aka kwashe su. Don haka a 2023 Fritz ya sake shiga jirginsa ya zana musu sabuwar hanya da ta kauce wa tsaunukan, ta ratsa Faransa zuwa Andalus a kudancin Sifaniya, sama da kilomita 2,000, zango bayan zango, kusan mako shida.