Likita ya rubuta min Amoxicillin: yaya zan sha shi ya yi min aiki?

Da wuya ka shiga kemis a garuruwanmu ka rasa Amoxicillin, ko dai shi kaɗai ko kuma haɗe da wani sinadari a cikin Augmentin. Antibayotik ne, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, na dangin penisilin, maganin da Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928. Saboda yawansa da arharsa, mutane sun ɗauke shi kamar fanadol, kuma daga nan matsalar take farawa.

Wace irin cuta yake warkarwa?

Cututtukan da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa, su ma ba dukansu ba. Ana ba da shi ga limoniya, ciwon kunne mai ruwa, wani nau'in ciwon maƙogwaro, kumburin haƙori mai mugunya, da wasu cututtukan mafitsara. Yana hana ƙwayar cutar gina bangon da ke kare ta, sai ta fashe ta mutu. A ciwon sanyi na fitsari likita kan nemi a yi gwaji tukuna, domin yawancin ƙwayoyin da ke kawo shi sun daina jin wannan magani.

Ina mura da tari, in saya in sha?

A'a. Mura bairos ne ke kawo ta, shi kuwa bairos ba shi da wannan bangon da maganin ke rushewa. Za ka warke cikin mako guda ko kwana goma, ka sha ko ba ka sha ba, sai ka zaci maganin ne ya yi aiki. Haka zazzaɓin cizon sauro, maganinsa daban. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar "haɗa min na ɗari biyar", inda mai kemis zai ƙulla ƙwaya biyu ta wannan, uku ta wancan a leda, a ce ana wanke jini ko wanke ciki. Antibayotik ba ya wanke komai.

An rubuta sau uku a rana. Safe, rana da dare ke nan?

Abin da ake nufi shi ne awa takwas-takwas. Idan ka sha da ƙarfe shida na safe bayan sallar asuba, na biyu sai ƙarfe biyu na rana, na uku ƙarfe goma na dare. Jiki yana fitar da maganin ta fitsari cikin awanni kaɗan, don haka idan ka tara shi duka tsakanin hantsi da magariba, ƙwayoyin cuta za su samu dogon dare su farfaɗo. Ga babba an fi rubuta miligiram 500, amma likita na iya canzawa gwargwadon ciwon da lafiyar ƙodarka. Amoxicillin ana shansa da abinci ko babu abinci. Augmentin kuwa a sha shi a farkon cin abinci, ya fi sauƙi ga ciki.

Idan na manta fa?

Ka sha da zarar ka tuna. Idan lokacin na gaba ya kusa, ka bar wanda ya wuce. Kada ka haɗa biyu.

Kwana biyu da farawa na ji garau. Me zai sa in ci gaba?

Saukar zazzaɓi alama ce ta cewa ƙwayoyin sun ragu, ba cewa sun ƙare ba. Likita ya ƙayyade kwanakin ne, biyar ko bakwai ko fiye, bisa irin ciwon. Idan kana ganin sun yi yawa, da shi za ka yi magana. Akwai kuma wanda ba jin sauƙi ne ke tsayar da shi ba, kuɗin kati ɗaya ne kawai a aljihunsa. Wannan halin gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa wa likita tun a ofis, domin sau da yawa akwai irin maganin na wani kamfani mai rahusa. A dai duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa.

Shan antibayotik barkatai, rabi-rabi ko ba tare da dalili ba, shi ke bai wa ƙwayoyin cuta damar sabawa da magani har su bijire masa. Fleming da kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945 lokacin da ya karɓi kyautar Nobel. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sakamakon ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da adadin jama'a. Mu ne a sahun gaba, kuma mu ne ba mu da kuɗin sayen magunguna masu tsada da ake komawa gare su idan na farko ya gaza.

Ina azumi, zan iya sha da sahur da buɗa-baki kawai?

Kada ka mayar da na sau uku ya koma sau biyu da kanka. Ka sanar da likita kana azumi, wataƙila ya ba ka nau'in da ake sha awa goma sha biyu-biyu. Idan ciwon ya yi tsanani, Allah ya sauƙaƙa wa marar lafiya ya sha ya rama daga baya.

Wace illa zan sa wa ido?

Tashin zuciya da 'yar gudawa sun fi yawa, kuma sukan wuce. Wasu matan kan samu ƙaiƙayin gaba, saboda maganin yana kashe har da ƙwayoyi masu amfani. Amma idan ka ga borin jini, ko leɓe da fuska sun kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ka daina sha ka nufi asibiti nan take, domin wannan na iya kisa cikin ɗan lokaci. Haka idan gudawa ta yi tsanani ko da jini, ko idanu sun yi rawaya. Duk wanda penisilin ko Ampiclox ya taɓa yi wa haka, ya riƙa faɗa a duk asibitin da ya je. Mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) ko allopurinol (maganin wani nau'in ciwon gaɓoɓi) shi ma ya faɗa. Idan an kwana uku babu wani sauƙi, a koma wurin likita.

Mai ciki da mai shayarwa fa? Yaro kuma, in ɓalla masa rabin nawa?

Amoxicillin na cikin waɗanda likitoci ke bai wa mai ciki da mai goyo idan akwai buƙata, amma ta faɗi halin da take ciki kafin a rubuta. Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa, ba da ido ba. Akwai na ruwa, akwai kuma ƙwaya ta yara mai miligiram 250 da ake narkarwa a ɗan ruwa ko nonon uwa, wadda ba ta buƙatar firji. Augmentin na ruwa idan an dama shi firji yake so, kuma a zubar da ragowar bayan kwana bakwai. Idan unguwarku ba a samun wuta, ki faɗa wa mai ba da magani kafin ki karɓa.