Masanin halayyar ɗan Adam a makaranta: me yake yi, wa ya cancanta?

Mene ne aikinsa?

Gano abin da ya hana yaro karatu, ko ya sauya masa hali. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, malami kan ce daƙiƙi ne, a gida kuma a ce wasa ya yi masa yawa. Shi masanin sai ya zauna a bayan aji ya lura da yaron, ya yi masa gwaje-gwaje, ya ji ta bakin iyaye da malamai. Wani sa'in a tarar yaron ba ya ji sosai ne, wani haruffa ke rikice masa alhali yana da basira, wani kuwa manyan yara ke cin zalinsa ya yi shiru. Bulala ba ta maganin ko ɗaya daga ciki. Bayan bincike yakan rubuta rahoto, ya tsara wa malamin aji yadda zai tafi da yaron.

Likitan ƙwaƙwalwa ne?

A'a, ba ya rubuta magani. In ya ga abin na asibiti ne, sai ya ba iyaye shawarar su je.

Wane karatu ake buƙata?

Digirin farko bai isa ba. A Amurka, ƙungiyar masu wannan aiki, NASP, wadda aka kafa a 1969, ta gindaya karatun gaba da digiri na kimanin shekara uku, da horon aiki na awa 1,200, aƙalla rabinsa a cikin makaranta. Sannan sai jiha ta ba da lasisi. Ƙungiyar na son masani ɗaya ga ɗalibai 500, amma yawancin jihohi ba su kai nan ba. A Ingila sai da digirin dokta na shekara uku da rajista a hukumar HCPC, mai yi wa wasu ma'aikatan lafiya rajista.

Yaushe aka fara?

Lightner Witmer ya buɗe wurin duba yara masu matsalar koyo a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka a 1896, Arnold Gesell kuma ya fara riƙe muƙamin a jihar Connecticut a 1915.

A Najeriya fa?

Wanda aka fi sani shi ne malamin ba da shawara, mai taimakon ɗalibai wajen zaɓen darussa da sana'a. Aikinsu ya yi kusa, sai dai gwajin gano matsalar koyo na buƙatar horo na daban. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da sashen da ke koyar da fannonin biyu.