Wuni ɗaya a Granada: ku karanta kafin ku sake tambaya

Duk mai shirin zuwa Sifaniya da tambayoyin nan yake zuwa mini. Ga amsoshin a wuri guda.

Wuni ɗaya ya isa?

Ya isa, in ka sayi tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke birnin Granada, tun kana gida. In ba ka saya ba, ko mako ka yi, mai yiwuwa ba za ka ga cikin fadojin ba.

Ba a sayarwa a bakin ƙofa?

Kada ka dogara da wannan. Lokacin da baƙi suka yi yawa, tikiti kan ƙare makonni kafin ranar. Da sunanka ake buga shi, saboda haka ka riƙe fasfo ɗinka. Akwai kuma lokacin shiga fadojin sarakuna a rubuce a jiki. In an ce ƙarfe 10, to ƙarfe 10 ne. Babu "don Allah, daga nesa na zo". Kowa a layin nan daga nesa ya zo.

Me ke ciki da ake wannan rububi?

Fadojin Banu Nasr ne, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Andalus. Muhammad ɗan Ahmar ya soma ginin a 1238, garin kuma ya faɗa hannun sarakunan Kirista, Ferdinand da Isabella, ranar 2 ga Janairu, 1492. Za ka ga tsakar gidan da zakuna 12 na dutse ke ɗauke da kwatarniyar ruwa, da "Wa la galiba illallah" a sassaƙe bango bayan bango. Ka ba wurin awa uku, har da lambun Generalife. Wanda ya zagaye shi a minti 40 hoto ya je ɗauka. Af, Abu Ishaƙ Sahili, mawaƙin da ya biyo Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324 har ya rasu a Tumbutu, ɗan garin nan ne.

Wane takalmi zan sa?

Na tafiya. Garin hawa da gangara ne, titunan duwatsu. Hajiya, a bar mai tsinin nan a otal.

A ina zan yi salla?

Akwai babban masallaci a unguwar Albaicín, an buɗe shi a 2003, dab da dandalin San Nicolás. Ka hau can da la'asar, ka tsaya har faɗuwar rana. Daga nan ake ganin Alhambra gaba ɗayanta da tsaunukan Sierra Nevada a bayanta. In gwiwa ta gaza, akwai ƙananan motocin bas da ke hawa.

Abinci fa? Me Musulmi zai iya ci?

Nan ne aikin yake, kuma amsar ba guda ba ce. Hanya mafi sauƙi ita ce titin Calderería Nueva da kewayensa, inda gidajen shayi da na abincin 'yan Maroko suke jere, da yawansu da rubutun halal a ƙofa. In a nan ka ci, hankalinka kwance, sai dai abincin Maroko ka ci, ba na Granada ba.

In na gari kake so, ka buɗe ido. Al'adar garin ita ce in ka sayi abin sha, ko da lemo ne, a kawo maka ɗan faranti kyauta, wanda suke kira tapas. A wurare da yawa ba kai ke zaɓa ba, kuma naman alade ya shiga ko'ina. Tun wajen yin oda za ka ce "sin cerdo, sin jamón", wato ban da naman alade, ban da busasshen naman cinyarsa, duka biyun, domin wasu masu kawo abinci ba sa lissafa busasshen naman cinyar alade a matsayin nama, kamar kayan ƙamshi suke ɗaukarsa. Ana barbaɗa shi a kan salmorejo, miyar tumatir mai sanyi, ana cusa shi cikin croquetas, wasu 'yan curi da ake soyawa, ana dafa wake da shi. Hatta kayan zaƙi irin mantecados da kitsen alade ake yin su. Abin da galibi ba ya da matsala shi ne soyayyen kifi, da wainar ƙwai da dankali, da soyayyen gauta da ake ɗiga wa ruwan rake mai kauri. Na ce galibi, don mai yiwuwa ne a man da aka soya croquetas aka soya kifinka. Ka tambaya, ba za su ji haushi ba.

Kaza da naman sa kuwa, ni ba malami ba ne. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike ɗan Ishbiliya, ya sassauta ƙwarai a kan naman Ahlul Kitabi, malamai da yawa kuma ba su bi shi ba. Ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ba sai faranti yana gabanka ba. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka ci kifi. Wuni ɗaya ne, ba abin da zai same ka.

Wata mata ta miƙo mini ganye kusa da babban coci, in karɓa?

A'a. Kana karɓa za ta kama tafin hannunka ta yi maka duba, ta nemi kuɗi. Ka wuce abinka.

Na je gidan abinci ƙarfe 6 na yamma na tarar a rufe. Lafiya?

Lafiya lau. Abincin rana daga ƙarfe 2 ne zuwa 4, na dare kuma sai wajen ƙarfe 8 da rabi ko 9 ake hura wuta. Ka ci ka ƙoshi da rana, ka sa dabino ko gyaɗa a jaka don tsakani.