Tambayoyi da Amsoshi a kan Haɗa Mutum-mutumi da Bulullukan Wasa

Me ake samu a cikin kwalin waɗannan kayan haɗi?

Akwai bululluka da sandunan roba waɗanda ake gina jiki da su, da ƙananan injuna masu juya taya, da na'urorin da ake kira sensa masu gane haske ko nisa ko taɓawa, sai kuma wani ɗan akwati mai kwamfuta a ciki, wanda shi ne ƙwaƙwalwar abin baki ɗaya. Ana rubuta umarni a kwamfuta, a tura wa akwatin ta kebul ko ta Bluetooth, daga nan sai ya ci gaba da aikinsa ba tare da an riƙe masa linzami ba. Sunan mutum-mutumi kan ruɗi mutane, domin yawancin abin da ake haɗawa ya fi kama da ƙaramar mota ko hannun ɗaukar kaya.

Daga ina abin ya samo asali?

Wanda ya fi yin suna shi ne Mindstorms na kamfanin LEGO da ke ƙasar Denmak, wanda ya fito a 1998 bayan shekaru ana aiki tare da masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka. An aro sunan ne daga littafin da Seymour Papert ya wallafa a 1980, masanin da ya yi imani cewa yaro ya fi fahimtar lissafi idan shi ne ke bai wa na'ura umarni. Akwatin farko sunansa RCX, sai NXT a 2006, sai EV3 a 2013, wanda ke da kafofi huɗu na sensa da huɗu na injuna. A 2022 kamfanin ya sanar da daina yin Mindstorms. Ba shi kaɗai ba ne a fagen, akwai VEX IQ da mBot, da kuma fischertechnik na Jamus, kuma masu son wuce matakin bulo sukan koma ga Arduino, wani ɗan allo mai ƙaramar kwamfuta da aka fara a Italiya a 2005.

Sai mutum ya iya rubuta manhaja kafin ya fara?

A'a. Yawancin kayan suna zuwa da manhaja irin ta Scratch, wadda aka yi don koya wa yara rubuta umarni, inda ake jan tubalan umarni a jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma Python, yaren kwamfuta da ake rubuta umarni da kalmomi.

Me ya sa na ce wa mutum-mutumin ya tafi santimita 50, amma ya tsaya a wani wuri daban?

Nan ne gizo ke saƙar. Injin bai san santimita ba, abin da yake ƙirgawa shi ne digirin da ya juya, kuma juyi ɗaya cikakke digiri 360 ne. Idan faɗin da'irar tayar milimita 56 ne, to kewayenta ya kai kusan santimita 17.6, ke nan tafiyar santimita 50 tana buƙatar juyi uku saura kaɗan, wajen digiri 1,023. Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa taya takan zame a kan daɓe mai santsi, ƙura takan manne mata, batir ya yi sanyi, ko kuma nauyin akwatin ya karkata gefe guda har tayar hagu ta fi ta dama kama ƙasa. Sabon shiga yakan ɗora laifin a kan umarnin da ya rubuta, ya yi ta sauya lambobi har dare, alhali sanda ɗaya ce ba ta shiga raminta da kyau ba. A ganina ya kamata a fara ɗaga na'urar a girgiza ta, a ga ko akwai abin da ke motsi, kafin a taɓa ko da layi ɗaya na umarni.

Mene ne amfanin fayafayan nan masu haƙora?

Su ne giya, kuma ciniki suke yi tsakanin gudu da ƙarfi. Idan mai haƙora 8 yana juya mai haƙora 24, gudu zai ragu zuwa kashi ɗaya bisa uku, ƙarfin juyawa kuma ya kusa ninkawa sau uku. Hannun da zai ɗaga kaya yana buƙatar wannan tsari, motar tsere kuwa akasinsa take so.

Ta yaya mutum-mutumin yake bin baƙin layi a ƙasa?

Gaskiyar magana ba layin yake bi ba, gefensa yake bi. Sensa tana haska ƙasa ta auna hasken da ya dawo, fari yana maido da yawa, baƙi kuwa kaɗan. Sai a auna duka biyun a ɗauki tsakiya, misali idan fari ya ba da 80, baƙi ya ba da 10, to 45 ne ma'aunin gefe. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce masa ya karkata dama idan ya ga baƙi, ya karkata hagu idan ya ga fari, amma tafiyar za ta zama ta tangaɗi. Wadda ta fi kyau ita ce a sa girman karkatar ya dace da girman kaucewar da ya yi daga 45, irin dabarar da ake amfani da ita a manyan injunan masana'antu. Dole ne a sake awon duk lokacin da aka sauya ɗaki, domin hasken rana da ke shigowa ta taga yana iya rikita lissafin jiya.

Akwai inda ake gwada gwaninta?

Akwai gasar FIRST LEGO League da ta faro a 1998, da World Robot Olympiad da aka fara a Singafo a 2004. A wasan tebur na ta farkon, inda na'urar ke cika ayyuka a kan tebur don samun maki, minti biyu da rabi kacal ake bai wa kowace tawaga, kuma da zarar na'urar ta bar wurin tashi, taɓa ta da hannu yana jawo asarar maki.