Waiwaye: Shin Sukari Yana Kama Mutum Kamar Yadda Ƙwaya Ke Kamawa?

A 'yan shekarun nan wata magana ta yaɗu a tsakanin mutanenmu, ana jin ta a majalisun hira da kuma bakin wasu masu ba da shawara kan lafiya, cewa sukari yana kama mutum kamar yadda hodar ibilis ke kamawa, har wasu na cewa ya fi ta. A gari irin Katsina, inda gidaje da yawa suka ɗanɗana baƙin cikin shaye-shayen kodin da taramadol, wannan magana tana da nauyi, domin idan gaskiya ce to teburin mai shayi na Ƙofar Ƙaura da ƙwaryar furar Daura sun shiga sahun abin tsoro, idan kuwa ƙari aka yi mata to ana rage girman bala'in ƙwaya ta hanyar jera shi da abin da bai kai shi ba. Maganar tana da asali, kuma ana iya bin sawunta shekara da shekara.

Da son zaƙi ake haihuwar ɗan Adam. Nonon uwa yana da nasa sukarin, kuma gwaje-gwajen da aka yi a shekarun 1970 sun nuna cewa jariri sabon haihuwa yakan saki fuska idan aka ɗiga masa ruwa mai zaƙi a harshe, ya yamutsa ta idan aka ɗiga masa mai ɗaci. Abin da tarihi ya sauya shi ne yawan zaƙin da hannun talaka ke iya kaiwa gare shi. An fara noman rake a tsibirin Niyu Gini dubban shekaru da suka wuce, mutanen Indiya suka gano yadda ake dafa ruwansa har ya daskare ya zama ƙwayoyi, Larabawa kuma suka kai nomansa Masar da Arewacin Afirka da Andalus. A duk wancan zamani sukari kayan sarakuna da attajirai ne, ana auna shi kamar kayan ƙamshi, masu magani suna haɗa shi cikin magungunansu. Bai yi araha ba sai da Turawa suka kai rake Barazil da tsibiran Karibiyan, suka ɗora wahalar nomansa a wuyan miliyoyin bayin da aka kwasa daga Afirka. A Ingila, mutum guda yana shan abin da bai wuce kilo 2 ba a shekara a wajajen 1700. Zuwa 1800 ya kai kilo 8, zuwa 1900 kuma ya kai kusan kilo 40.

A ƙasar Hausa zaƙin gargajiya shi ne zuma da dabino da rake, sai mazarƙwaila da ake samu idan an matse rake an dafa ruwansa, kuma har gobe fadamun kudancin jihar Katsina, irin su na yankin Ɗanja, suna noman rake. Farin sukari kuwa baƙo ne. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon 1851 kafin ya wuce Kano, kuma ya lissafa sukari cikin hajar Turai da raƙuma ke ƙetaro Sahara da ita. Abin da aka ɗauko a bayan raƙumi daga gaɓar Bahar Rum ba zai zama abin zuba wa yaro a koko kowace safiya ba. Shi ya sa kayan zaƙinmu na asali, alkaki da nakiya da dubulan, suke da lokacinsu: gara, suna, salla, ko zuwan baƙo mai daraja. Shayi da burodi da madarar gwangwani sun zama karin kumallon birni ne a ƙarni na 20, aka fara ɗura lemon kwalba a Legas a farkon shekarun 1950, aka buɗe masana'antar sukari ta Bacita a shekarun 1960, daga baya ta Numan ta biyo. A yau ƙasar nan tana shan fiye da tan miliyan 1.5 a shekara, kuma mafi yawansa ɗanye ake shigo da shi daga Barazil a tace shi a gida.

Gardama kan illar sukari ta yi zafi a Turai da Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ciwon zuciya ya yawaita, masana suka rabu biyu, wasu suna zargin kitse wasu suna zargin sukari. Masanin abinci John Yudkin na Landan ya fitar da littafi a 1972 yana gargaɗi kan sukari, amma ɓangaren masu zargin kitse ne ya rinjayi manufofin gwamnatoci. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke San Francisco suka tono takardun da suka nuna cewa wata gidauniyar kamfanonin sukari ta biya masana uku na Jami'ar Harvard dala 6,500 domin rubuta sharhin da ya fito a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya ɗora laifi a kan kitse, ba tare da an bayyana wanda ya biya kuɗin ba. Wannan tonon silili ya sa jama'a suka daina yarda da duk wanda ya wanke sukari, kuma suna da hujja. Sai dai ha'incin kamfanoni a kan batun ciwon zuciya bai isa ya tabbatar da batun jaraba ba, domin tambayoyi ne guda biyu daban.

Hujjar da masu cewa sukari jaraba ne suka fi dogara da ita ta fito ne daga gwaji a kan ɓeraye. A Jami'ar Princeton, Bart Hoebel da abokan aikinsa Nicole Avena da Pedro Rada sun riƙa hana ɓeraye abinci na awa 12, sannan su ba su abinci tare da ruwan sukari na awa 12, haka kullum har kusan wata guda. Ɓerayen suka koma afka wa ruwan sukarin da zarar an kawo shi, suna ƙara yawan abin da suke sha, ƙwaƙwalwarsu tana fitar da sinadarin dofamin a sashen da ke kula da jin daɗi, kuma da aka yi musu allurar nalokson, wadda ake karya ƙarfin ƙwayoyi dangin kodin da ita, sai suka shiga karkarwa, haƙoransu suna kaɗawa, suna nuna alamun firgici. An tattara wannan sakamako a wani sharhi da ya yi suna a 2008. Shekara guda kafin nan, a birnin Bordeaux na Faransa, ayarin Serge Ahmed ya bai wa ɓeraye zaɓi tsakanin hodar ibilis ta jijiya da ruwa mai zaƙi, sai kashi 94 cikin 100 suka zaɓi ruwan. Daga nan maganar cewa sukari ya fi hodar ibilis ta samo tushe.

Amma akwai abubuwa biyu da masu yaɗa labarin suke tsallakewa. Ruwan da aka fara gwada ɓerayen Faransa da shi sakarin aka sa masa, wannan dai da wasu masu kunun sayarwa ke amfani da shi don rage kashe kuɗi, wanda ba sukari ba ne kuma ba ya bai wa jiki ƙarfi, saboda haka abin da gwajin ya nuna shi ne ƙarfin ɗanɗanon zaƙi a wurin ɓera. Ɓerayen Princeton kuma, waɗanda aka bar musu ruwan sukari a gabansu dare da rana ba su nuna waɗancan alamu ba. Waɗanda aka gana wa yunwa aka kuma yi musu wasa da lokacin bayarwa su ne suka nuna. Batun dofamin ma ba ya raba gardama, domin ƙwaƙwalwa tana fitar da shi idan mai ƙishirwa ya sha ruwa, ko mai yunwa ya ci tuwo, ko mutum ya ji sautin da yake so. Bambancin ƙwaya shi ne tana shiga kai tsaye ta tilasta fitar sinadarin fiye da kima, tana maimaita hakan a kowane sha, har ƙwaƙwalwar ta sake tsari ta kasa zama lafiya sai da ita.

Da aka juyo kan mutane, hujjar ta ƙara rauni. Likitoci suna gane jaraba ta wasu alamu sanannu: mutum ya kasa dainawa duk da ya yi niyya, ya riƙa buƙatar ƙari kafin ya ji abin da yake ji a da, jikinsa ya rikice idan aka yanke masa, ya watsar da sana'a da iyali saboda neman abin, ya kuma ci gaba alhali yana ganin yadda yake hallaka shi. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka da ya fito a 2013 ya shigar da caca cikin jerin jaraba, amma bai shigar da sukari ba, haka ma kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. A 2016 masana uku na Jami'ar Cambridge, Margaret Westwater da Paul Fletcher da Hisham Ziauddeen, sun bi binciken da aka yi ɗaya bayan ɗaya, suka ce shaidar jarabar sukari a jikin ɗan Adam kaɗan ce ƙwarai. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwan da ake raba shi da taramadol, ya ga zufa da amai da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, ya san cewa mai barin sukari ba ya shiga wannan hali.

Ɗaya ɓangaren bai yi shiru ba, kuma maganarsa ta cancanci a saurara. A 2009 Ashley Gearhardt da abokanta a Jami'ar Yale sun tsara ma'auni na tambayoyi da ke gwada alamun jaraba a kan abinci, kuma wani sharhi da ya fito a mujallar likitocin Birtaniya a 2023 ya ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 na manya da kashi 12 na yara a ƙasashen da aka yi binciken suna cika sharuɗɗan. Abin lura shi ne abincin da mutanen suka ce suna kasa riƙe kansu a gabansa: cakulan, askirim, biskit, kek, soyayyen dankali, wato kayan masana'anta da aka haɗa sukari ko farin gari da mai da gishiri. Da wuya a sami wanda ke zama da mudun sukari yana ɗiba da cokali. Saboda haka gardamar masana a yanzu ta fi karkata ga irin abincin da kamfanoni ke ƙerawa domin a kasa ajiye shi, da kuma halin ci na wasu mutane, fiye da ƙwayar sukarin ita kaɗai.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Mutane da yawa a Katsina suna cewa idan ba su sha shayi ba kansu yakan sara, musamman a kwanakin farko na azumi, sai su ɗauka sukarin ne jikinsu ke nema. Ganyen shayi yana ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke cikin goro da gahawa da wasu lemukan kwalba, kuma ciwon kai bayan yanke shi abu ne da likitoci suka tabbatar. Mai shan kofi uku na shayi mai kauri a rana yana iya zama kamamme na gaskiya, amma ganyen ne ya kama shi, sukarin kuma yana bin sa a baya cokali huɗu huɗu.

A ganina, bayan duk wannan, kiran sukari ƙwaya ƙari ne da shaida ba ta goyi bayansa ba, kuma yana da illa ta fuska biyu: yana sa mai ciwon sukari ya ji cewa ba shi da iko a kan bakinsa, yana kuma sa matashi ya ɗauka cewa kodin ɗin da gwamnati ta haramta sarrafa maganin tari da shi a 2018 bai fi lemo haɗari ba. Abin da ke riƙe mu sabo ne, kuma Hausawa sun ce sabo turken wawa. Illar sukari ba ta jiran a kira shi jaraba kafin ta tabbata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, wato kimanin giram 50 ko cokalin shayi 12 ga babba, kuma ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Robar lemo ta rabin lita guda ɗaya tana iya cinye wannan kaso gaba ɗaya, kafin a lissafa na shayin safe da na koko da na fura da na zoɓo. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da cutar a Najeriya, kuma fiye da rabin masu ita a Afirka ba su san suna da ita ba. Sukari ba shi kaɗai ke kawo ta ba, akwai gado da ƙiba da rashin motsa jiki, amma yawan shan lemo mai zaƙi yana cikin abubuwan da bincike ya daɗe yana alaƙantawa da ita, ban da ruɓewar haƙoran yara da kowace uwa ke gani.

Harshe kuma yana karɓar horo. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2016, mutanen da aka rage wa sukari na wata uku sun koma jin abinci mai ɗan sukari ya fi zaƙi a bakinsu fiye da yadda suke ji a da, ko da yake son zaƙin nasu bai gushe ba. Wannan ya sa abin da ake saba wa yaro da shi tun daga kunun yaye ya fi komai muhimmanci a wannan batu.

Ta fuskar hukuma, Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Tun daga lokacin farashin lemo ya ninka saboda tsadar rayuwa, har naira 10 ta zama abin da mai saye ba ya ji, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin ya rage sha sosai. Ƙungiyoyin lafiya suna neman a ƙara shi a kuma ware kuɗin domin kula da masu ciwon sukari, masu masana'antu kuma suna cewa ƙarin zai jawo rasa ayyukan yi.