Wuraren Ziyara da Al'adun Birnin Osaka

Osaka birni ne da ke yammacin Honshu, tsibiri mafi girma a ƙasar Japan, a daidai inda kogin Yodo yake malala cikin teku. Mazaunansa sun kai kimanin miliyan 2.7, abin da ya sa shi na uku a yawan jama'a bayan Tokyo da Yokohama. Tokyo ta girma ne a matsayin garin masu mulki da mayaƙa, Kyoto kuwa garin sarki da fadawa, amma Osaka 'yan kasuwa ne suka raya ta, kuma har yau wannan asali nata yana bayyana a abincinta da wasanninta da yadda mutanenta suke karɓar baƙo. Akwai wata tsohuwar gaisuwa da aka san 'yan kasuwar garin da ita, "Mokarimakka?", wato "Ana samun riba?", sai a amsa da "Bochi bochi denna", ma'ana ana dai lallaɓawa, kusan yadda Bahaushe yake tambayar ɗan'uwansa ya kasuwa.

Madafar ƙasa

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, shinkafa ce ma'aunin dukiya a Japan, da ita ake biyan haraji da albashin mayaƙa. Hakiman larduna sun gina rumbuna a gefen magudanan ruwan Osaka, musamman a tsibirin Nakanoshima, suna aiko da shinkafarsu ta jiragen ruwa domin a mayar musu da ita kuɗi. Daga nan aka yi wa garin laƙabi da "tenka no daidokoro", wato madafar ƙasa. A shekarar 1730 hukuma ta amince da kasuwar shinkafa ta Dojima, inda ake cinikin takardun shaidar shinkafar da ba ta ma iso ba, kuma masana tattalin arziki suna ƙirga ta cikin kasuwanni na farko a duniya da suka tsara irin wannan ciniki. Wanda ya san wannan tarihi zai fi gane dalilin yawan gadoji da magudanan da zai yi ta ƙetarewa a tsakiyar birnin.

Fadar Osaka

Mafi yawan baƙi da wannan fada suke farawa. Toyotomi Hideyoshi, jarumin da ya haɗa kan Japan, shi ya soma gina ta a 1583. Bayan rasuwarsa, dakarun Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa gidan da ya mulki Japan a zamanin Edo, suka yi mata ƙawanya a 1614 da 1615, suka ƙone ta, zuriyar Toyotomi ta ƙare a nan. Gidan Tokugawa ya sake gina ta, sai kuma tsawa ta faɗa wa babbar hasumiyar a 1665 ta cinye ta. Hasumiyar da ake gani yanzu an gina ta ne da kankare a 1931, da gudummawar mutanen gari, kuma cikinta gidan tarihi ne mai hawa takwas.

Baƙon da ya zo neman tsohon gini yakan ji ba daɗi idan ya tarar da na'urar hawa bene a cikin hasumiyar. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kalla shi ne ganuwar dutse da faffaɗan ramin ruwan da ya kewaye ta, domin su ne suka tsira tun ƙarni na 17. Kusa da ƙofar Sakura akwai wani dutse guda ɗaya da ake kira Takoishi, wanda aka ƙiyasta nauyinsa ya haura tan 100, an kuwa kawo shi ne ta ruwa daga nesa, a lokacin da babu injin ɗaga kaya.

Wannan hali na fadar shi ne halin garin gaba ɗaya. Bama-baman jiragen Amurka a 1945 sun ƙone babban ɓangare na Osaka, saboda haka tsufan birnin ya fi zama a cikin al'adun mutane fiye da a jikin gine-gine.

Wuraren bauta da bikin Tenjin

Haikalin Shitennoji na addinin Buddha, wanda ake danganta kafa shi ga Yarima Shotoku a shekarar 593, yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Gobara da guguwa da yaƙi sun rushe shi sau da dama, ana sake tayar da shi a kan tsarinsa na asali. Kamfanin magina na Kongo Gumi, wanda ake cewa ya faro tun 578 da maginan da aka ɗauko domin shirin wannan aiki, ya yi fiye da shekara 1,400 a hannun iyali ɗaya kafin wani kamfani ya karɓe shi a 2006. A ranakun 21 da 22 ga kowane wata harabar haikalin tana cika da masu sayar da tsofaffin tufafi da tangaran da kayan tarihi. A kudancin birnin kuma akwai Sumiyoshi Taisha na addinin Shinto, wanda matuƙa jiragen ruwa suka daɗe suna girmamawa, an kuma san shi da wata gada ja mai tsananin lanƙwasa.

Babban bikin garin shi ne Tenjin Matsuri, wanda ake yi a ranakun 24 da 25 ga Yuli, a tsakiyar zafi mai gumi. A rana ta biyu jerin gwano yana tashi daga wurin bauta na Osaka Tenmangu cikin tufafin da da kaɗe-kaɗen ganguna, da yamma kuma a shiga jiragen ruwa kusan 100 a kogin Okawa, a rufe da wasan wuta a sama.

Dotonbori da abinci

Mutanen Osaka suna da wata kalma, "kuidaore", wadda ke nufin mutum ya ci abinci har ya karya jarinsa, kuma da alfahari suke faɗar ta. Cibiyar wannan ɗabi'a ita ce Dotonbori, unguwar da ke bakin wata magudanar ruwa da aka gama haƙawa a 1615, inda allon tallar kamfanin Glico mai hoton ɗan tsere yake haskawa tun 1935, ko da yake an sha sabunta shi. A nan ake cin takoyaki, wasu ƙananan dunƙule na kwaɓaɓɓiyar fulawa da ake toyawa a kasko mai gurabe irin na tandar waina, da yankan wata dabbar teku mai hannuwa takwas a ciki. Akwai kuma okonomiyaki, haɗin fulawa da ƙwai da kabeji da ake gasawa a faifan ƙarfe a gaban mai ci. Unguwar Shinsekai, da ke ƙarƙashin hasumiyar Tsutenkaku da aka sake ginawa a 1956, ita ce gidan kushikatsu, wato tsire soyayye, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a sake tsoma tsinken da aka gutsura a cikin miyar da ake tarayya a kanta.

Musulmi yana bukatar kula a nan, domin naman alade yana shiga okonomiyaki da kushikatsu sosai, miya da yawa kuma ana zuba musu mirin, wanda giyar shinkafa ce. Gidajen abinci masu shaidar halal sun ƙaru a birnin, akwai ɗakunan salla a filin jirgin sama na Kansai, sannan a Kobe mai maƙwabtaka akwai masallacin da aka buɗe a 1935, mafi daɗewa a Japan.

Bunraku

A Dotonbori ne mawaƙi Takemoto Gidayu ya buɗe gidan wasansa a 1684, daga nan wasan 'yan tsana da ake kira bunraku ya bunƙasa. Mutum uku ne suke sarrafa babbar 'yar tsana guda: shugabansu yana riƙe da kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, na uku ƙafafu. Mawaƙi ɗaya ne yake yin muryar kowa, namiji da mace da yaro, mai kiɗan shamisen mai tsirkiya uku yana gefensa. Masu sana'ar sukan ce shekara goma a ƙafa, shekara goma a hannun hagu, kafin a ba mutum kai. Da yawa daga labaran na 'yan kasuwa ne da bashi da soyayya suka sa a tsaka mai wuya, ba na sarakuna kawai ba. Gidan wasan bunraku na ƙasa, wanda aka buɗe a 1984, yana kusa da tashar Nipponbashi, kuma ko wanda ba ya jin Japananci, da wuya ya fito bai ji wasan a ransa ba.

Abubuwan zamani da zirga-zirga

Ga mai son ganin birnin daga sama akwai benen Abeno Harukas mai tsawon mita 300, wanda aka buɗe a 2014. Iyalai sukan nufi gidan kifaye na Kaiyukan ko wurin shaƙatawa na Universal Studios Japan. Yankin Osaka ya karɓi baje kolin duniya a 1970 a garin Suita mai maƙwabtaka da birnin, sannan a 2025 a tsibirin Yumeshima.

Jirgin ƙasa mai gudu, shinkansen, yana haɗa Tokyo da tashar Shin-Osaka cikin kusan awa biyu da rabi, Kyoto da Nara da Kobe kuwa ba su kai tafiyar awa guda ba. An fi jin daɗin ziyara a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, lokacin furen sakura, ko a Oktoba da Nuwamba da iska ta yi sanyi. Ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukuici, ana cire takalmi a inda aka shimfiɗa tabarmar tatami, a matattakalar lantarki kuma mutanen Osaka a dama suke tsayawa, saɓanin Tokyo inda ake tsayawa a hagu.